Huji huɗu a wuyan Duna: yadda wani gida a Zariya ya yi jinyar karensa bayan karen maƙwabci ya cije shi

Kafin abin ya faru

Gidan yana wata sabuwar unguwa a bayan garin Zariya, irin unguwannin nan da ake yanka gonaki ana mayar da su fuloti, gida a nan, kango a can. Maigidan malamin makaranta ne. Uwargidan tana kiwon awaki da kaji a bayan gida, kuma saboda awakin aka nemi kare, domin sau biyu ɓarayi suka haura katanga a damina guda. Wani abokin maigidan ya ba su ɗan kwikwiyo baƙi wuluk, irin karen gida, yara suka sa masa suna Duna. Lokacin da wannan abu ya faru shekararsa huɗu, nauyinsa kilo 16.

Don gadi aka kawo shi, amma a hankali ya zama na ɗansu na uku, yaro ɗan shekara 12. Shi ke ba shi abinci, shi ke cire masa kaska, shi ke fita da shi da igiya kowace yamma su zaga bakin gonaki su dawo kafin magariba. Duna ba ya shiga ɗaki, ba ya zuwa inda ake salla, kwanonsa daban. Duk shekara ana kai shi allurar rigakafin haukan kare, katin kuma yana cikin jakar da ake ajiye takardun gida. An yi masa ta ƙarshe wata tara kafin wannan rana.

Gida na huɗu daga nasu na wani ɗan kasuwa ne mai ƙaton kare irin na Turawa, ya kusa ninka Duna a girma. A ɗaure yake yini da sarƙa, sai dare ya yi a sake shi cikin gida. Sakatar ƙaramar ƙofar gidan ta daɗe da lalacewa, da waya ake ɗaure ta.

Kwanakin da zan ambata na ɗauko su ne daga katin asibiti da wani littafin rubutu na yaron, wanda zan zo kansa a gaba.

Ranar farko: Asabar da yamma

Tsakiyar watan Afrilu ne, bazara ta yi tsanani. Yaron da Duna suna dawowa wajen ƙarfe shida, a ranar kuwa mai gadin gidan ɗan kasuwar ya kwance karen da wuri don ya yi masa wanka. Ƙaramar ƙofar tana buɗe. Babu haushi, babu gurnani, sai ganinsa kawai suka yi a kansu. Ya kama Duna a wuya ta gefen hagu, ya ɗaga shi ya yi ta girgizawa.

Yaron ya yi abin da kusan kowa zai yi: ya ja igiya, da ta ƙi sai ya kai hannu wuyan Duna zai fizge shi. A nan haƙori ya ƙuje masa bayan babban yatsa. Fatar ta saluɓe kaɗan, jini bai fito ba, shi kansa bai san haƙorin wane karen ba ne. Wani mai wucewa ya yi ta jibgar ƙaton karen da sanda bai saki ba. Wata mata mai tuyar awara a bakin hanya ce ta ɗauko bokitin ruwanta ta sheƙa masa a fuska, ya saki, mai gadi ya ja shi ta ƙafafun baya ya shigar da shi gida. Duka-duka abin bai kai minti biyu ba.

Da ƙafarsa Duna ya dawo gida. Aka haska fitila aka ga huji huɗu, biyu a wuya, biyu a saman kafaɗa, kowanne bai fi ƙwayar wake ba, jinin ma ya tsaya. Maigidan ya ce Allah ya taƙaita. Yaron ya ɗauraye hannunsa da ruwa, bai gaya wa kowa maganar yatsan ba, don yana tsoron a ce shi ya jawo.

Bayan isha'i maigidan ya tafi gidan maƙwabcin ransa a ɓace. Ɗan kasuwar ya fito, ya saurara, ya ce: "Malam, kare ya ciji kare, yanzu me kake so in yi?" Aka yi cacar baki a ƙofar gida, mutane suka taru suka ba su haƙuri, kowa ya koma gidansa ba a tsayar da komai ba.

Kwana na 2: Lahadi, maganin gida

Duna ya wayi gari a kwance ƙarƙashin rumfar awaki, ya ƙi tuwo, sai ruwa. Masu zuwa jaje, da masu zuwa kallo, kowa da shawararsa. Wani ya ce a shafa baƙin mai na inji don ƙuda, aka shafa. Wani ya ce a fasa kafso a barbaɗa garin a bakin hujin, aka yi. Da aka ga yana ƙugi idan ya juya wuya, aka aika kemis aka sayo ibuprofen, aka tura masa ƙwaya ɗaya cikin lomar tuwo. Da la'asar ya yi amai sau biyu.

An yi maganar kai shi asibitin dabbobi, amma ranar Lahadi ce, wata kuma ya yi nisa. Ga shi hujin huɗu duk sun kame sun yi ɓawo, abin da kowa ya ɗauka alamar warkewa ce. Wani dattijo ya ce ai kare da harshensa yake warkar da kansa, aka yi dariya aka bar maganar.

Yaron bai ci abincin dare ba. Yayyensa suka yi ta tsokanarsa wai yana zaman makokin kare.

Kwana na 3: Litinin, asibitin dabbobi

Da asuba wuyan ya kumbura tun daga ƙasan kunne har kafaɗa, ga zafi, ga ɗoyi, ƙudaje sun yanyame wurin duk da baƙin man. Uwargidan ce ta tsaya kai da fata sai an kai shi. Masu Keke Napep uku suka ƙi ɗaukar kare, sai wani mai a-kori-kura a unguwar ya taimaka, aka shimfiɗa buhu a baya, yaron ya zauna ya riƙe shi.

Zafin jikinsa ya kai digiri 40.1, alhali na lafiyayyen kare yana tsakanin 38 da 39.2. Likita ya sa masa takunkumi tukuna, domin kare mai ciwo yana iya cizon mai shi, sannan ya yi masa allurar barci, ya aske gashin wurin. Da ya zura ɗan ƙarfe ta hujin wuya sai ga shi ya doshi na kafaɗa ta ƙarƙashin fata. Ashe hujin huɗu bakin rami ɗaya ne, mai faɗin tafin hannun babban mutum, cike da mugunya.

Bayanin da ya yi musu shi ne, fiƙar kare ƙaramin huji take yi a fata, amma idan ya kama ya girgiza, fatar tana zamewa ta rabu da naman da ke ƙasa, naman ya daddatse, a sami aljihu. Haƙorin ya riga ya tura ƙwayoyin cutar baki da gashi da ƙasa can ciki. Idan bakin hujin ya kame sai ya rufe su a wuri mai ɗumi, cikin kwana biyu zuwa uku su zama ƙurji. A wuya da ƙirji abin ya fi haɗari, don haƙori na iya taɓa maƙogwaro ko ya shiga tsakanin haƙarƙari ba a gani daga waje. Na Duna bai kai can ba.

Ya tsaga wurin, ya matse, ya yanke mataccen nama, ya wanke da ruwan gishiri na asibiti mai yawa. Rabin aikin cire baƙin mai ne, wanda ya manne da gashi da ƙasa, kuma Duna ya lashi wanda harshensa ya kai. Bai ɗinke duka ba. Ya sa wata siririyar roba ta ƙasan ramin don ruwa ya riƙa tsiyayewa, ya ce ɗinke ciwon cizo da ya riga ya ruɓe rufe cuta ne a ciki. Ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, amoxicillin mai haɗe da clavulanate, safe da yamma na kwana goma, da maganin ciwo na karnuka wanda za a fara sai cikin ya lafa. Ya hana ibuprofen da diclofenac gaba ɗaya, ya ce suna cin cikin kare suna taɓa masa ƙoda, aman jiya ma daga nan ne. Ko farasitamol kada a ba shi ba da awon likita ba.

Daga nan ya nemi katin rigakafi, uwargidan ta ciro shi daga jaka. Tunda allurar ba ta wuce lokacinta ba, ya ƙara masa wata a take, ya ce a tsare shi a gida kwana 45 ana lura da shi. Ya ce da babu katin nan, kuma ba a san halin wancan karen ba, da zancen tsarewa na watanni ake yi, ko ma a kashe shi.

Sai ya tambaya: "Akwai wanda haƙori ya taɓa?" Maigidan ya ce babu. Yaron ya sunkuyar da kai, ya miƙo hannu.

A nan maigidan ya tsorata a karon farko. Likita ya sa aka wanke yatsan da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, abin da ya kamata a yi tun ranar Asabar, ya tura su asibitin mutane. Can aka ce tunda fata ta ƙuje dole a fara allurar rigakafin haukan kare ko da jini bai fito ba, aka yi masa ta farko a ranar, aka ba su ranakun sauran. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasin ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ciwon yakan ɓuya wata biyu zuwa uku, idan kuwa alamunsa suka bayyana da wuya ƙwarai a tsira.

Kwana na 3 zuwa na 11: karen maƙwabci

Da labarin yatsan ya bazu, samarin unguwa suka ce a bar su da ƙaton karen, nama da guba ya ishe shi. Maigidan ya kusa yarda. Abin da ya tsayar da shi maganar likita ce: karen ya fi musu amfani a raye. Karen da ƙwayar cutar ta sauko cikin yawunsa ba ya cika kwana goma ba tare da ya nuna alama ko ya mutu ba. Idan an tsare shi ya kai kwana goma garau, to ranar da ya yi cizon babu cutar a bakinsa. Idan aka kashe shi kuwa, sai an yanke kan an kai ɗakin gwaji a duba ƙwaƙwalwa, irin gwajin da ake yi a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, gawar da ta kwana a zafin Afrilu kuma ba lallai ta ba da amsa ba.

Wannan karon maigidan bai koma ƙofar ɗan kasuwar ba. Gidan mai unguwa ya je, da takardar asibitin yaron a hannu, ya ce: "Ranka ya daɗe, ba rigimar kare ta kawo ni ba, maganar ran yaro ce." Ranar Talata da dare aka zauna a zaure da liman da dattawa biyu. Aka tambayi ɗan kasuwar katin karensa, ya ce an yi masa allura yana ƙarami wajen wanda ya sayar masa, bayan nan bai sake ba. Da ya ga takardar yaron jikinsa ya yi sanyi, shi ma yana da jikoki a gida. Aka tsayar da abu huɗu: a kulle karen har kwana goman su cika, likitan dabbobi ya gan shi a farko da ƙarshe, a yi masa rigakafi bayan nan, a gyara sakata. Kuɗin magani maigidan ya nemi duka, aka sasanta a kan rabi.

Yaron ya karɓi allura ta biyu ranar Alhamis, ta uku ranar Litinin ta gaba. Ranar Talata, kwana goma cif da cizon, likita ya duba ƙaton karen ya same shi yana ci yana sha, ya duba Duna ma. Aka kai wa asibitin mutane takarda, likitan can ya ce a dakatar da sauran alluran.

Mako na 1 zuwa na 6: jinya a gida

Wankin ciwo safe da yamma, da ruwan da aka tafasa ya huce aka sa gishiri. Uwargidan ta yanke shawarar da ba wanda ya ba ta: ta ɗora aikin a kan yaron. Ta saya masa littafin rubutu, ta ce ya riƙa rubuta kwanan wata, ko Duna ya sha magani, abin da ya ci, da kalar ruwan da ke fitowa daga robar. Kafin nan yaron yana firgita cikin barci, ya daina bin hanyar gidan ɗan kasuwar ko da za shi Islamiyya, kuma ba ya iya kallon wuyan karen. Cikin mako guda ya zama shi ne mai tunasar da babansa lokacin magani.

Duna yana kai ƙafar baya yana sosa wurin, ranar Laraba ya kusa tsinke robar. Ba su sami abin wuyan nan mai kama da mazurari da ake sa wa kare don kada ya taɓa ciwo ba, kuma ciwon a wuya yake inda abin zai goga, sai likita ya ce a sa masa tsohuwar riga a rufe kafaɗar, a ɗaura masa safa a ƙafar da yake sosawa. Aka mayar da shi wani ɗaki da ba a gama ginawa ba, aka rataya tsohon gidan sauro a ƙofa saboda ƙuda, domin a zafin bazara ƙwan ƙuda yini ɗaya ya ishe shi zama tsutsa. Ranar Juma'a aka cire robar. A kwana na 12 ya cinye kwanonsa a karon farko. A mako na huɗu ramin ya cike, nauyinsa ya sauka zuwa kilo 14.

Masu cewa "duk wannan wahala a kan kare" ba su daina ba. Liman ne ya rage surutun, da ya tuna wa mutane a zaure hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa da huffinsa Allah ya gafarta masa.

Mako na 7 zuwa na 14: tsoron da ya rage

Ciwo ya warke, kwana 45 sun cika, amma Duna ya ƙi fita. Da ya ga igiya sai ya shige bayan rumfa. Da dare idan ya jiyo haushin wancan karen yakan yi ta haushi har a kasa barci, wani lokaci ya yi wa awakin da ya saba da su gurnani.

Maigidan ya ce tsoro ne, a cire masa shi. Ya ja shi da ƙarfi har ƙofar gidan ɗan kasuwar. Duna ya ƙanƙame ƙasa, ya saki fitsari, ya juyo ya kai wa igiyar cizo dab da hannun maigidan. Kwana biyu aka yi haka, aka haɗa masa da tsawa da bulala a kan haushin dare. Sakamakon shi ne ko zaure ya daina zuwa.

Suka koma wa likita, ya ce a faro daga inda karen bai fara tsorata ba. Yaron ya riƙa sa masa igiya a tsakar gida ya ba shi ɗan busasshen kifi ya cire, ba a je ko'ina ba. Bayan kwana huɗu suka kai zaure. Bayan mako guda suka fita, da sassafe kafin unguwa ta tashi, ta hanyar baya da ba ta bi ta gidan ba. Duk inda Duna ya tsaya ya kafa kunne ya ƙi karɓar kifi, sun yi kusa ke nan, sai su ja baya. Littafin ya nuna sau uku suka koma farko, ɗaya a ranar da wasu karnukan mafarauta suka ratsa unguwar. A mako na 14, damina ta kankama masara ta yi tsawo, suka wuce ƙofar gidan daga ɗaya gefen titi, Duna yana manne da ƙafar yaron. Nauyinsa ya koma kilo 16.

Yadda na ga lamarin

A ganina ɓarnar da aka yi daga daren Asabar zuwa safiyar Litinin ta fi ta cizon. Ƙanƙantar hujin ce ta yaudari kowa, har da ni da na leƙa ranar Lahadi na ce da sauƙi. Likita ya ce da an kawo shi a ranar, wanki da magani na iya isa, babu tsagawa. Baƙin mai da garin kafso ba su kai inda cutar take ba, ibuprofen kuma ƙarin ciwo ya kawo. Jan shi da ƙarfi zuwa ƙofar ma irin wannan kuskuren ne, son a gama da wuri, ya kuwa jawo musu ƙarin makonni.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shirun yaron. Kwana biyu yana ɗauke da ƙujewar haƙori don tsoron faɗa, a gidan da ake yi masa dariya a kan damuwarsa. Ba wanda ya duba hannunsa sai da baƙo ya tambaya. Da wancan karen yana da cutar, duk kulawar da aka yi wa Duna ba za ta zama komai ba.

Abubuwan da suka yi aiki ba masu tsada ba ne in ban da asibiti: katin da aka adana, bokitin mai awara, barin ƙaton karen a raye, da kai magana wurin mai unguwa da takarda a hannu maimakon zafin rai. Littafin uwargidan kuwa na ɗauke shi maganin yaron fiye da na karen.

Ɗan kasuwar ya cika alkawarinsa, ya biya rabi, ya gyara sakata, an yi wa karensa allura. Amma ba a taɓa tushen abin ba, don zaman zauren bai yi maganar yadda ake riƙon karen ba. Har yau yini yake a sarƙa, ba ya ganin wani kare sai ta ƙarƙashin ƙofa, kuma allurar da aka yi masa ta shekara ɗaya ce. Yaron ya rubuta watan da za ta ƙare a shafin ƙarshe na littafinsa, ya ce idan lokacin ya yi zai tuna wa Baba ya gaya wa mai unguwa.